Karen taimako ga nakasassu: abin da doka ta tanada a Amurka, Ingila da nan gida

A Kano mun saba ganin makaho da ɗan jagora, ko gurgu a kan keke yaro na tura shi. A Amurka da Ingila sau da yawa kare ne ke wannan aiki, kuma doka ta tsaya masa. Duk ɗan Kano da ya tafi can karatu, jinya ko tuƙin tasi zai ci karo da wannan doka, rashin saninta kuwa ba ya hana tara.

A ƙarƙashin ADA, dokar kare haƙƙin nakasassu ta Amurka ta 1990, karen taimako shi ne wanda aka horar musamman don ya yi wa mai nakasa wani aiki takamaimai. Makulli ya faɗi, ya ɗauko ya ɗora a cinyar mai shi. Ya ja igiyar da aka ɗaure a hannun ƙofa ko firji. Ya danna maɓallin lif da hanci, ya zare safa daga ƙafa da haƙori ba tare da ya kama fata ba. Horon yakan kai kusan shekara 2, galibi da karnuka irin Labrador. Karen da ɗebe kewa kawai yake yi bai shiga wannan ma'ana ba.

Idan nakasar ba a bayyane take ba, tambaya biyu kaɗai ma'aikacin kanti ko gidan abinci zai iya yi: saboda nakasa ake buƙatar karen nan? Wane aiki aka koya masa? Ba ya neman takarda, ba ya tambayar irin ciwon, ba ya cewa a gwada aikin ya gani. Ana fitar da karen ne idan ya gagari mai shi, ko yana ƙazanta wuri, kuma ko an fitar da shi dole a bar mutumin ya biya buƙatarsa. Tsoron kare ba hujja ba ce.

Direbobinmu a Ingila su lura sosai. Dokar Daidaito ta 2010 ta wajabta wa direban tasi ya ɗauki fasinja da karensa ba ƙarin kuɗi. Wanda ya ƙi, tara na iya kai fam 1,000, lasisinsa ma na cikin haɗari. Uzurin da aka yarda da shi na rashin lafiya ne, da takardar hukumar da ta ba shi lasisi. Mai damuwa da batun tsarki ya sani cewa a mazhabar Malikiyya da muke bi, jikin kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne. Wanke ƙwaryar da ya sha sau bakwai bin umarni ne na ibada.

Nan gida, dokar hana nuna wa nakasassu wariya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta yanke wa mutumin da ya nuna wariyar tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun, kamfani kuma naira miliyan 1. Wa'adin shekara 5 da ta bai wa gine-ginen jama'a su samar da gangaren hawa da lif ya cika a Janairun 2024.

Wanda zai riƙe irin wannan kare a Kano sai ya shirya. Kwaltar Afrilu da tsakar rana tana ƙona tafin ƙafarsa, don haka fita da sassafe ko bayan la'asar, da gorar ruwa. Allurar rigakafin haukan kare a asibitin dabbobi wajibi ce, ganin yawan karnukan unguwa. Babbar matsalar dai mutane ne. Yi masa fito, jefa masa ƙashi ko jifan da yara ke yi duk suna ɗauke masa hankali, kuma idan hankalinsa ya ɗauke a bakin kwalbati, mai shi ne zai faɗi. A ja wa yara kunne, mai son magana kuma ya yi da mutumin, ya bar karen da aikinsa.