Waiwaye: Numfashin jariri mai ƙaramar haɓa a kan gadon tiyata

Gardamar da likitoci ke yi a kan jariran da ake haifa da ƙaramin muƙamuƙi ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. A Amurka asibitoci da dama sun karkata ga tiyatar jan ƙashin muƙamuƙi tun jariri yana da 'yan makonni. A Ingila an fi sabawa da zura bututu mai laushi ta hanci har bayan harshe, a koya wa uwa kula da shi a gida. A Tubingen ta Jamus kuwa, wani faranti ake liƙa wa jariri a ganda, mai ɗan tsinke da ke tura harshe gaba. Maganar ba yau ta fara ba, ta haura shekara ɗari.

A 1923 wani likita Bafaranshe, Pierre Robin, ya bayyana matsalar: haɓa ta koma ciki, harshe ya rasa wurin zama, sai ya faɗa baya ya toshe hanyar iska. Sau da yawa gandar ma a tsage take. Duk wanda ya taɓa ganin irin wannan jariri kwance rigingine ba ya mantawa. Ƙirji yana lotsawa da kowane jan numfashi, ana jin gurnani a maƙogwaro, ya kama nono ya saki, leɓe yana sauya launi. A juya shi rub da ciki, harshe ya zubo gaba, sai ya ɗan lafa.

Abin da ya biyo baya sananne ne. An yi ta ɗinke harshe da leɓen ƙasa, dabarar da Beverly Douglas ya yaɗa a 1946. In abin ya faskara, a huda maƙoshi a sa bututu. Likitan ƙashi Ilizarov na Tarayyar Sobiyet ya nuna cewa ƙashin da aka yanka ana ja a hankali yana toho a tsakani, sannan a 1992 Joseph McCarthy na New York ya wallafa yadda ya yi haka a muƙamuƙin yara. Yau ana ɗaura wa ƙashin wani ɗan ƙarfe, a riƙa murɗa shi kullum, milimita ɗaya ko biyu, har haɓa ta fito.

Amma kafin wuƙa ta taɓa ƙashi, dole jariri ya yi barci, kuma dole ya ci gaba da numfashi. Nan ne gizo ke saƙa, domin likitan fiɗa da likitan sa barci wuri ɗaya suke nema, wato cikin ɗan bakin nan. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ivan Magill ya inganta zura bututu cikin maƙogwaro a asibitin Sidcup, inda ake gyara fuskokin sojoji. Sai dai kayan aikin na manya ne, an auna su da huhun ƙarti.

Wanda aka fi mantawa da shi, a ganina, shi ne Philip Ayre, likitan sa barci a Newcastle. Yana sa wa jarirai masu tsagaggen leɓe da ganda barci, yana kuma lura da yadda suke galabaita ana tsakiyar aiki: numfashi sama-sama, gumi, fata ta koɗe, jinin da ke fita daga wurin yanka ya yi duhu. Bai ce raunin jarirai ne ba, ya koma ya dubi na'urar. Jariri sabon haihuwa abin da yake ja a numfashi ɗaya bai wuce mililita 20 da 'yan kai ba. A na'urar manya akwai bawul, wato ɗan murfin hanyar iska, da sai an tura shi da ƙarfin huhu, akwai kuma sararin da gurɓatacciyar iska ke maƙalewa, jariri ya fitar da ita ya sake shaƙa. Ashe da na'urar yake kokawa.

A 1937 Ayre ya fito da ɗan bututun ƙarfe mai siffar harafin T. Bakinsa na farko yana haɗe da bututun da ke maƙogwaron jariri, ta na biyu sabuwar iska ke shiga, na uku a buɗe yake. Babu bawul, babu abin turawa. Launin jariran ya dawo. A 1950 Jackson Rees na Liverpool ya ƙara masa 'yar jaka mai buɗaɗɗen ƙarshe, domin likita ya riƙa matsawa da hannu yana taya jariri numfashi, yana jin motsin huhunsa a tafinsa. Har gobe ana amfani da wannan haɗin a ɗakunan tiyata, har da na Najeriya. Abin da ya fi taɓa ni shi ne gyaran ya zo ne daga mutumin da ya tsaya ya kalli jariri da kyau.

Daga baya an samu robar da Archie Brain ya ƙirƙiro a shekarun 1980, mai zama a saman maƙogwaro ba tare da an leƙa ciki ba, da siririn madubi mai lanƙwasa, da kyamarar leƙa maƙogwaro. Duk da haka jariri mai matsalar da Robin ya bayyana yana cikin mafi wuyar zura wa bututu, domin babu inda za a ture harshe. Wani bincike da asibitocin yara na Amurka suka wallafa a 2016 ya nuna cewa in aka yi ta gwada zura bututun fiye da sau biyu, hatsari yana ƙaruwa sosai. Kuma haɗarin ba ya ƙarewa da ɗinki na ƙarshe. Kumburi yana biyo baya, shi ya sa sau da yawa ake barin bututun kwanaki a sashen kulawa ta musamman kafin a zare.

Saboda haka idan na ji ana jayayya a kan tiyata ko bututun hanci ko faranti, nakan ga kowane asibiti yana kare abin da ya iya ne. Wanda ke da ƙwararren mai sa jarirai barci, da na'urar auna numfashi cikin barci, da ma'aikatan jinya masu kwana a kan jariri guda, zai iya jan ƙashi. Inda babu waɗannan, uwa ce ke kwana zaune da jariri kife a cinyarta, tana sauraron gurnanin.