Dofamin: Na Jin Daɗi Ne Ko Na Kwaɗayi?

Mene ne dofamin?

Sinadari ne da ƙwayoyin jijiya a ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi. Arvid Carlsson ɗan ƙasar Suwidin ne ya tabbatar da haka a ƙarshen shekarun 1950, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 2000.

Yaya aka gano ƙwaƙwalwa tana da hanyar ba da lada?

A 1954, James Olds da Peter Milner na Jami'ar McGill a Kanada suka dasa siririyar waya a ƙwaƙwalwar ɓeraye. Duk ɓeran da ya danna wani ɗan ƙarfe, sai lantarki kaɗan ya shiga wurin. Ɓerayen suka yi ta dannawa ba ji ba gani. Daga baya aka gano dofamin yana da hannu a wannan hanya.

Ke nan shi ke sa jin daɗi?

Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Kent Berridge na Jami'ar Mishigan da abokan aikinsa sun gwada ɓerayen da aka kusan ƙarar musu da dofamin. In an ɗiga musu ruwan sukari a baki, suna lashe leɓe kamar kowane ɓera, alamar ɗanɗanon ya yi musu. Amma ga abinci a gabansu, ba za su tashi su ci ba. Daɗin yana nan, himmar nema ce ta mutu.

Masanin ƙwaƙwalwa Wolfram Schultz ya yi nasa gwajin da birai. Da farko ƙwayoyin jijiyar da ke sakin dofamin suna zabura ne idan ruwan 'ya'yan itace ya zo wa biri ba zato. Da birin ya gane wata alama ce ke zuwa kafin ruwan, sai zaburar ta koma kan alamar. In alama ta zo ruwa bai biyo ba, aikin ƙwayoyin ya yi ƙasa. Wato suna auna tazarar da ke tsakanin abin da aka sa rai da abin da aka samu. A ganina, wannan ne ginshiƙin batun.

Ina alaƙarsa da shaye-shaye?

Hodar ibilis tana hana jijiya kwashe dofamin bayan ta sake shi, sai ya taru. Sannu a hankali kwaɗayin yana ƙaruwa ko da daɗin ya ragu.

Cutar Parkinson fa?

Ƙwayoyin da ke samar da dofamin ne ke mutuwa, motsi ya yi nauyi, hannu ya riƙa karkarwa. Ana ba masu ita maganin levodopa, wanda ƙwaƙwalwa ke mayarwa dofamin. Wasu magungunan da ke kwaikwayon dofamin kuma sukan jefa wasu majinyata cikin caca ko sayayya ba kan gado, har sai likita ya rage ko ya sauya maganin.