Shin kowace i7 ta fi i3 sauri?

An daɗe ana faɗa a shagunan kwamfuta na cikin Katsina cewa in dai furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, i7 ce ba i3 ba, magana ta ƙare. Duk wanda zai haɗa wa ƙaninsa ko wata makarantar unguwa kwamfutar tebur da kuɗi kaɗan sai ya nace a kanta. Ba laifinsa ba ne, bakwai ta fi uku a lissafi.

Amma zubin shekara shi ne abin dubawa. Ga i7-2600 ta 2011, ga i3-10100 ta 2020: kowacce tana da ƙwaya 4 (cores, sassan da ke yin aikin lissafi a cikinta), kuma i3 ɗin ta fi ta sauri, ta fi ta ƙarancin cin wuta. Mai dogaro da sola ko janareto ya san darajar wannan. Farkon lambar da ke bayan ɗan layin shi ke nuna zubi: 2600 na biyu ne, 10100 na goma.

A ganina, gara a sa rarar kuɗin a SSD (ma'ajiyar bayanai mai sauri) da RAM 8GB (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita), domin tsohuwar ma'ajiya ta hard disk ita ke yawan jawo wa kwamfuta nauyin tashi.

Kafin ka biya, kunna kwamfutar, danna Ctrl+Shift+Esc, a tagar da ta buɗe ka shiga Performance, ka karanta cikakkiyar lambar furosesar da idonka.

Don Allah a tura wa 'yan uwa masu shirin saye.