'Yar aikin da ke gidanmu: me dokar safarar mutane ta ce?

Da an ambaci safarar mutane, hankalin yawancinmu sai ya tafi hanyar Agadas, ko 'yan matan da ake tsallakawa da su Libiya zuwa Italiya. Alhali sau da yawa abin bai wuce cikin Abuja ba. Yarinya ce 'yar shekara goma, dillaliya ta ɗauko ta daga ƙauye, ta sauke ta a Zuba, ta miƙa ta wani gida a Kubwa ko Gwarinpa. Ƙarshen wata dillaliyar ce ke zuwa karɓar kuɗin aikatau, ita yarinyar ko ƙwandala ba ta gani.

Tushen maganar yana cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 34 ya kare mutuncin ɗan Adam, ya hana bautar da shi, ya kuma hana sa shi aikin dole. A 2003 aka yi dokar da ta kafa NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, mai hedikwata a nan Abuja, sannan a 2015 aka maye gurbin dokar da wata mai tsauri.

Abin da dokar ke dubawa shi ne: an ɗauko mutum, ko an kai shi wani wuri, ko an ajiye shi, ta hanyar yaudara ko barazana ko amfani da halin ƙuncin da yake ciki, don a ci da guminsa? In haka ne, an yi safara, ko da ba a tsallaka iyakar ƙasa ba. Mafi ƙarancin hukunci shi ne ɗaurin shekara 2 da tarar naira 250,000.

Inda mutanenmu suka fi tuntuɓe shi ne batun yarda. “Ai iyayenta ne suka ba ni ita, Hajiya,” in ji dillaliya. Wannan ba hujja ba ce a kotu. Babban da aka yaudara, amincewarsa ba ta wanke mai laifi. Yaron da bai kai 18 ba kuwa, ba a ma buƙatar nuna an yaudare shi. Ɗauko shi don a ci da guminsa ya isa. Sannan akwai sashen da ya shafi uwargida kai tsaye: duk wanda ya ɗauki yaro ɗan ƙasa da shekara 12 aikin gida, zai iya shan ɗaurin wata 6 zuwa shekara 7. Da mai kawowa da mai karɓa, duk ya hau kansu.

To riƙo fa? Riƙon 'yar ɗan'uwa al'adarmu ce, kuma doka ba ta hana ba. Amma a ganina, in 'ya'yan gida suna tafiya makaranta ita tana bakin famfo tun asuba, a daina kiran abin riƙo.

Haka matan da ake yi wa alkawarin aiki a Saudiyya, suna sauka a karɓe fasfo, a ce sai sun biya bashin kuɗin jirgi da aikin da ba ranar ƙarewarsa. Riƙe mutum a matsayin jinginar bashi, doka ta lissafa shi cikin cinikin bayi.

Da yawa suna yin shiru don tsoron a kama su saboda takardu. Dokar 2015, in yanayin ya cancanci haka, ta hana a tsare ko a gurfanar da wanda aka yi safararsa kan laifin da halin da aka jefa shi ya jawo, har da rashin takardun tafiya. Ana kai rahoto ofishin NAPTIP, ko a kira 627.