Gane Dangogin Fitofilankiton a Tekunan Ƙanƙara ta Hanyar Launinsu

Fitofilankiton ƙananan halittu ne, akasarinsu dangin gansakuka, da ke shawagi a saman ruwa suna haɗa abincinsu da hasken rana kamar yadda tsiro ke yi a tudu. Ido ba ya ganin ɗayansu sai sun taru da yawa sun rine ruwan. Duk wanda ya bi ta gefen kududdufi a cikin birnin Kano da bazara ya ga ruwan ya yi kore shar, ko mai kiwon tarwada da tankinsa ya sauya launi cikin 'yan kwanaki, to ya ga 'yan'uwansu na ruwan daɗi. A teku su ne mafarin abincin kowa, kuma kusan rabin aikin haɗa abinci da hasken rana da ake yi a duniya su ke yin sa.

A tekun Aktik da ke ƙuryar arewa, da Tekun Kudu da ya kewaye nahiyar Antatika, rayuwarsu ta ɗan lokaci ce. Watanni ake yi ana duhu, ƙanƙara ta rufe ruwa. Da rana ta dawo ƙanƙarar ta fara narkewa, sai su ɓarke da yaɗuwa cikin makonni kaɗan. Masana ba yawansu kawai suke son sani ba, har da wane dangi ne ya rinjayi wani. Hanya ɗaya da ta fi karɓuwa wajen gane haka ita ce auna sinadaran launin da ke cikin jikinsu.

Launi a matsayin tsagar gado

Kusan kowane fitofilankiton yana da kulorofil a, sinadarin nan kore da ke cikin ganye, don haka da shi ake kiyasta yawansu baki ɗaya. Amma bayan shi kowane dangi yana da wasu launuka na taimako, masu ruwan goro, ruwan ƙasa ko rawaya, waɗanda ke kamo hasken da kulorofil bai iya kamawa, ko su kare ƙwayar daga zafin haske. Waɗannan su ne shaida. Kamar tsagar gado ce a fuska: tana nuna zuriyar da mutum ya fito, ba ta faɗin sunansa.

Dayatom, masu ɓawo irin na gilas, an san su da sinadarin fukozantin, wanda ke ba su launin ƙasa-ƙasa. Dangin haftofayit, wanda wata halitta mai suna Phaeocystis ke cikinsa, suna da wani reshe na fukozantin da ake taƙaita sunansa da 19-heks. Launin feridinin na dangin dainofilajelet ne, launin alozantin na dangin kiriftofayit, kulorofil b kuma yana nuna korayen gansakuka irin su Micromonas, wata 'yar mitsitsiya da ta cika tekun Aktik.

Dalilin da ya sa ba a tsaya ga madubin ƙara girma kaɗai ba shi ne, yawancin waɗannan halittu ba su wuce 'yan maikiron ba, maikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Masu taushin jiki suna fashewa ko su lalace idan aka zuba musu maganin adanawa, kuma ƙirga su ɗaya bayan ɗaya yana cin sa'o'i a kan samfuri guda. Da launi ana iya bin ɗaruruwan samfura daga tafiyar jirgi ɗaya.

Yadda ake aikin

Daga jirgin bincike ake zura wani keji mai ɗauke da kwalabe, a rufe kowace kwalba a zurfin da ake so. Sai a tace lita ɗaya ko 'yan litoci ta wata 'yar takardar tata da aka yi da zaren gilas. Ruwan ya wuce, ƙwayoyin su maƙale, farar takardar ta ɗauki ɗan tabo kore ko ruwan ƙasa. Ana yin wannan cikin gaggawa kuma a wuri mai ƙarancin haske, domin haske da ɗumi suna ɓata launin. Nan take a naɗe ta a jefa cikin ruwan naitirojin, ko a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri, har a isa ɗakin gwaji. A can ake jiƙa ta da asiton ko metanol, launin ya fito, a tura shi cikin na'urar raba launuka da ake kira HPLC.

Asalin dabarar tsohuwa ce. Masanin tsirrai na Rasha, Mikhail Tsvet, shi ya fara raba launukan ganye ta hanyar zuba su cikin bututun da aka cika da garin alli, ya kuma ba hanyar suna kiromatogirafi a 1906. Ɗalibin sakandare a Kano zai iya ganin abin da idonsa: ya dandaƙa ganyen alayyafo da ɗan asiton, ya ɗiga a gefen takardar tata, ya tsoma bakinta cikin ruwan sinadarin. Yayin da ruwan ke hawa, ɗigon nan ɗaya zai rabu gida-gida, rawaya a can sama, koraye biyu a ƙasa. Na'urar HPLC haka take yi, sai dai da matsi mai ƙarfi da awo na ƙwarai, ta yadda kowane launi ke fitowa a nasa lokacin, a kuma auna yawansa.

Matsalar ita ce launi ɗaya kan bayyana a dangi fiye da ɗaya. Saboda haka ne wasu masana a Ostireliya suka fitar da manhajar CHEMTAX a 1996. Ana ba ta kiyasin rabon kowane launi da kulorofil a a cikin kowane dangi, ita kuma ta yi ta gyara lissafin har ya dace da abin da aka auna, sannan ta raba jimillar kulorofil tsakanin dangogin.

Abin da aka gano

A tekun Ross na Antatika, awon launi ya taimaka wajen nuna rabon wuri tsakanin manyan dangi biyu. Inda iska ke gauraya ruwa zuwa ƙasa sosai, Phaeocystis antarctica ce ke mamayewa, tana dunƙulewa cikin wani abu mai yauƙi. Inda narkakkiyar ƙanƙara ta kwanta a sama ruwan ya natsu, dayatom ke cin kasuwa. Bambancin ba ƙarami ba ne. Kiril, wata 'yar halitta mai kama da jatan lande wadda tsuntsun fenguwin da manyan dabbobin teku suka dogara da ita, ta fi samun ƙoshi daga dayatom. Phaeocystis kuma tana fitar da wani sinadari mai ƙibiritu da ke tashi sama ya shiga cikin haɗuwar gajimare.

A yammacin zirin Antatika, inda ɗumama ta yi saurin gaske, an lura alozantin yana ƙaruwa a wuraren da ruwan narkewar ƙanƙara ya rage gishiri, alamar kiriftofayit na karɓe wurin dayatom. Su kuwa sun yi wa kiril ƙanƙanta, ba ta iya tace su da kyau. A Aktik ma, inda ruwan sama-sama ke ƙara rasa gishiri, an ga ƙananan ƙwayoyi suna ƙaruwa. Sannan a 2011 masu bincike suka tarar da gagarumar yaɗuwar fitofilankiton a ƙarƙashin ƙanƙarar tekun Chukchi, wurin da a da ake ɗauka duhu ya hana su.

Iyakar hanyar

A nan ne ya kamata mai karatu ya yi hattara, domin ana yawan ɗaukar sakamakon lissafi kamar ƙidayar kai ce. Rabon launi a jikin ƙwaya ba tsayayye ba ne. Wadda ke ƙarƙashin ƙanƙara cikin duhu-duhu takan ƙara launin kamo haske, wadda ke sama cikin ranar da ba ta faɗuwa ta ƙara na kariya. Ƙarancin sinadarin ƙarfe, wanda ya addabi Tekun Kudu, shi ma yana sauya rabon; inda ƙarfen ya wadata kuwa, Phaeocystis kan tara fukozantin ta yi kama da dayatom a lissafi. Wasu dainofilajelet ba su da feridinin sam. Akwai ma wata halitta, Mesodinium rubrum, da ke haɗiye kiriftofayit ta riƙe launinsu a jikinta, sai alozantin ya fito a awo alhali mai shi daban ne. Marinin Ƙofar Mata ya san baba ɗaya kan ba da shuɗi iri-iri gwargwadon toka da yawan tsomi. Shi ya sa rabon launin da aka auna a teku mai ɗumi ba ya aiki a ruwan ƙanƙara. Masu aikin kirki sukan haɗa awon launi da duban madubi da gwajin DNA.

Taurarin ɗan'adam suna auna launin teku tun 1978, kuma a Fabrairun 2024 hukumar NASA ta harba wani tauraro mai suna PACE, wanda ke rarrabe launuka filla-filla don gane dangogi daga sama. Amma a ƙuryoyin duniya gajimare da ƙanƙara da dogon dare suna rufe masa ido, kuma abin da ya hango sai an gwada shi da awon HPLC na ruwan da aka ɗebo daga jirgi.