Idan Kyanwar Gida Ta Kusa Haihuwa

A zagayen da muke yi na duba awaki da kaji, sau da yawa sai mun tashi tafiya uwar gida za ta ce, "Malam, ga magenmu ma cikinta ya tsufa, yaushe za ta sauka?" Ina jin daɗin wannan tambaya. Kyanwa ce ke tsare mana rumbu daga ɓera, amma ba a cika tunawa da ita ba sai abu ya ɓaci.

Cikin kyanwa wata biyu ne da 'yan kwanaki, galibi kwana 63 zuwa 65. A makonnin ƙarshe, idan ta kwanta za ku iya ganin 'ya'yan suna motsi. Cinta zai ƙaru, sai dai kaɗan-kaɗan, don ciki ya matse ta. Ragowar tuwo ba ta riƙe ta. A ba ta dafaffen kifi, nama ko ƙwai, da ruwa mai tsabta. A hana yara ɗaukarta ta ciki ko matsa shi.

Saura kamar mako guda za ta fara neman maɓoya: ƙarƙashin gado, cikin sif, bayan buhunan hatsi. Ku riga ta. A sami kwali a shimfiɗa tsumma mai tsabta, a ajiye a lungun da babu hayaniya, babu iska, musamman da hunturu, domin jariran kyanwa ba sa iya ɗumama jikinsu. In ta ƙi kwalin ta zaɓi wani wuri, a bar ta.

Kwana ɗaya ko biyu kafin haihuwa nono zai ciko, har yakan ɗiga. Za ta ƙi abinci, ta yi ta kai da komo, tana kuka, tana lasar gabanta, wani lokaci da haki. Zafin jikinta, wanda ya saba zama tsakanin digiri 38 da 39, yakan sauka ƙasa da 37.8. Wata takan manne wa mai ita. Wata kuwa, ko da kyanwar Lami ce, ba cizo ba yakushi, ranar sai ta yi fushi da duk wanda ya matso. Wannan somin naƙuda yana iya cinye yini guda.

Da ta fara yunƙuri sosai, ɗan fari ba ya daɗewa, sauran kuma su biyo da tazarar minti goma zuwa awa ɗaya. Fitowa ta ƙafa ba matsala ba ce a wurin kyanwa. Ita za ta yage jakar da ɗan ya zo a ciki, ta lashe shi, ta datse cibiya da haƙori, ta cinye mabiyiya. Wannan ne wasu ke hangowa su ce ta cinye ɗanta, har su kore ta da sanda. Don Allah a daina. Kallo daga nesa shi ne aikinku, da ƙirga mabiyiya: kowane ɗa da tasa. In ta bar wani cikin jaka ba ta kula shi ba, a wanke hannu, a yage jakar daga wajen fuska, a goge hancinsa da tsumma, a mayar da shi bakin nono ya sha dakashi.

Akwai kuma lokacin da jira kan zama asara. Idan ta yi minti 20 zuwa 30 tana yunƙuri da ƙarfi babu abin da ya fito, ko ɗa ya leƙo ya maƙale har minti goma, ko jini na zuba da yawa, ko wani ruwa mai wari ko kore ya fito tun kafin ɗan fari, ko ta galabaita tana karkarwa, to a garzaya asibitin dabbobi. Haka nan idan ciki ya wuce kwana 70. Kada a ja ɗan da ƙarfi.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin mutane. An taɓa kawo mini wata kyanwa da aka ba farasitamol don tausayin ciwon naƙuda. Bakinta ya riga ya canza launi, fuska ta kumbura, ba mu iya ceto ta ba. Hantarta ba ta iya sarrafa wannan magani, ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe ta. Allurar naƙuda ma sai likita ya duba ya tabbatar hanya a buɗe take, in ba haka ba mahaifa na iya fashewa.

Idan akwai mai juna biyu a gidan, wani ya karɓe mata kwashe kashin kyanwa da wankin tsumman, saboda ƙwayar cutar tokzoflasma da ke iya cutar da jaririn da ke cikinta. Sannan a sa ido kan muzuru: kyanwa tana cikin shayarwa ma, 'yan makonni bayan haihuwa, tana iya ɗaukar wani cikin.