Kwaikwayon sojojin ƙasa na Amurka na zamanin yaƙi

Kwaikwayon sojojin ƙasa na Amurka wata sha'awa ce da fararen hula ke yi, inda suke kafa ƙungiyoyi, su sa kaki irin na wani zamani, su ɗauki kayan yaƙinsa, su nuna wa jama'a yadda ƙaramin soja ya rayu a fagen daga. Ba sana'a ba ce, kowa da kuɗin aljihunsa yake sayen kaya. Zamanin da aka fi kwaikwaya su ne Yaƙin Basasar Amurka (1861 zuwa 1865) da Yaƙin Duniya na Biyu.

Tun a 1913 tsofaffin sojojin Yaƙin Basasa suka taru a Gettysburg, jihar Pennsylvania, don cikar shekara 50 da gumurzun da aka yi a wurin, har wasunsu suka maimaita wani sashe na gumurzun. Amma sha'awar ta kankama ne a bikin cika shekara 100 da yaƙin, musamman kwaikwayon yaƙin Manassas a Yulin 1961. Na Yaƙin Duniya na Biyu ya biyo baya, ya kuma samu kasuwa bayan fitowar fim ɗin Saving Private Ryan a 1998 da shirin talabijin na Band of Brothers a 2001.

Kowace ƙungiya takan zaɓi wata runduna ta gaske ta ɗauki sunanta da tambarinta. Runduna ta 1 da ta 29, waɗanda suka sauka a gaɓar Omaha ta Normandy a Faransa ranar 6 ga Yunin 1944, suna da farin jini, haka ma sojojin laima na runduna ta 82 da ta 101. Sai dai an fi rububin rundunonin da fim ya yi wa suna, alhali galibin sojojin ƙasa a wasu rundunonin suka yi yaƙin.

Kaya su ne ƙashin bayan al'amarin. Dole mai kwaikwayon Yaƙin Duniya na Biyu ya mallaki hular kwano ta M1, rigar ulu, takalmi da ƙyallen tamfol da ake ɗaure ƙwauri da shi, gorar ruwa, ƙaramin shebur na haƙa rami, da bindigar M1 Garand mai cin harsashi takwas. In harsashin ƙarshe ya fita, ƙarfen da ke riƙe da su yakan yi tsalle da wata ƙara, kuma 'yan kallo na son jin ta. Tantin ma rabi-rabi ne: kowane soja na ɗauke da rabi, sai mutum biyu sun haɗa nasu da maɓalli kafin su samu wurin kwana. Masu tsanani kan duba har ɗinkin aljihu da launin kaki, domin rigar ƙirar 1943 ba ta da gurbi a nunin abin da ya faru a 1942. Abin da kuɗi ba ya gyarawa shi ne jiki. Da yawansu sun girmi samarin da suka yi yaƙin, sun kuma fi su teɓa.

Taro iri biyu ne. Akwai na jama'a, inda ake kafa sansani, a jera motocin jif na Willys, a buɗe gwangwanin abincin soja, a amsa tambayoyin yara. Akwai kuma na 'yan ƙungiya kaɗai, inda ɓangarori biyu ke fafatawa a daji da harsashin da ba shi da kai, ƙara da hayaƙi kawai. A garin Conneaut na jihar Ohio ana kwaikwayon saukar Normandy a bakin tafkin Erie duk watan Agusta. Turawa ma na sa kakin Amurka: a Normandy cikin Yuni, a Bastogne ta Beljiyam cikin Disamba, da Plzeň ta ƙasar Cek, wadda sojojin Janar Patton suka 'yantar a Mayun 1945.

Rundunar Amurka ta lokacin a rarrabe take bisa launin fata, sai a 1948 Shugaba Truman ya ba da umarnin soke hakan. Don haka akwai baƙar fata da ke kwaikwayon runduna ta 92, wadda ta yi yaƙi a Italiya.

Cecekuce ya fi tasowa ne kan masu taka rawar abokan gaba, tunda ba a yaƙi da ɓangare ɗaya. A 2010 hotunan Rich Iott, ɗan takarar majalisar wakilai daga Ohio, sanye da kakin Waffen-SS, rundunar yaƙi ta 'yan Nazi, sun jawo masa suka mai zafi. A Jamus kuwa doka ta hana nuna tambarin 'yan Nazi a bainar jama'a, wasu masu shirya taro a wasu ƙasashen ma suna hana kakin SS ɗin baki ɗaya.